Dabarar gano lamba ta n a jerin lambobi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannenmu na Aboabo da Asawase a Kumasi masu shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare.

Idan aka ba ka jeri kamar 5, 8, 11, 14, kada ka yi gaggawar neman fomula. Fara debe kowace lamba daga wadda ke biye da ita. Nan tazarar 3 ce ko'ina, sai ka rubuta 3n, wato 3 × n, inda n ke nufin matsayin lamba a jerin (ta 1, ta 2, ta 3...). Sa n = 1, ka samu 3, alhali jerin ya fara da 5, saura 2 ke nan. Amsa: 3n + 2. Kamar mai zubin susu ne da ya fara da sidi 5 yana ƙara sidi 3 kullum a kan zubin jiya. Ranar ta 20 zai zuba 62.

In tazarar ba ta daidaita ba, gwada rabawa. A 2, 6, 18, 54 kowace ta ninka ta baya sau 3, don haka 2 × 3^(n−1), wato a ninka lambar farko, 2, da 3 har sau n−1.

Wannan n−1 ɗin ne ke kayar da yara, kuma abin yana damuna ƙwarai. Lambar farko ba a ninka ta ba tukuna, shi ya sa ake rage ɗaya. Kafin ka miƙa takarda, sa n = 1 da n = 2, ka ga ko 2 da 6 sun fito.