Darasi na 6: Bushewar Ciki da Magungunan Tsirrai

Idan mutum bai zaga sau 3 a mako ba, ko bayan gidansa na fitowa ƙulu-ƙulu kamar kashin awaki, sai da yunƙuri, to cikinsa ya bushe. Ƙarancin shan ruwa da rashin cin ganye ne kan gaba wajen jawo shi. Ƙwayoyin ƙarin jini, tramadol da kodin su ma suna ɗaure ciki.

A fara daga tukunya. Miyar kuka, kuɓewa, lalo, kwaɗon zogale, wake, gwanda da dabino duk suna da harza, wato ɓangaren abinci da ba ya narkewa. Harza na jan ruwa zuwa hanji, sai bayan gida ya yi laushi. Babba na buƙatar giram 25 zuwa 30 a rana. A riƙa ƙarawa sannu a hankali, don wanda ya auka lokaci guda kumburi da tusa za su dame shi.

A kemis akwai garin ɓawon irin wani tsiro mai suna ispaghula, kamar wanda ake sayarwa da sunan Fybogel. Ƙunshi ɗaya giram 3.5 ne. A zuba a cikakken kofin ruwa, a dama, a shanye nan take kafin ya yi kauri, safe da yamma bayan cin abinci. Kada a haɗiye shi a bushe, kuma kada a sha dab da kwanciya, domin yana kumbura, yana iya toshe maƙogwaro ko hanji. Aikinsa kan ɗauki kwana 2 zuwa 3.

Filasko kuwa ba lallashi yake yi ba, zaburar da hanji yake yi. A jiƙa rabin ƙaramin cokali na busasshen ganyen a kofin ruwan zafi na minti 10, a tace, a sha da dare. Bayan awa 8 zuwa 12 zai yi aiki. Wani kuskuren da ake yi shi ne dafa dunƙule guda a tukunya, sai murɗawar ciki da zawo su biyo baya, jiki ya rasa ruwa da gishiri. Kada a wuce mako 1 ana sha. Fitsari na iya yin ja-ja, wannan ba komai. Mai juna biyu da ƙananan yara kada su sha sai da izinin ma'aikacin lafiya.

Idan akwai jini a bayan gida, ko amai da kumburin ciki babu ko tusa, ko rama ba dalili, a ajiye jiƙo a tafi asibiti a ranar.