Farin kyandir da fentin ruwa: dabarar zane da yara

Iyaye da malamai, in za ku zauna zanen fentin ruwa da yara, ku nemi farin kyandir, irin wanda ake kunnawa in an ɗauke wuta.

Ku yanka takarda ƙanana, kamar tafin hannu. Yaro ya zana abin da yake so da gindin kyandirin: kifi, tauraro ko sunansa. Ba zai ga komai ba tukuna. Sai ya jiƙa buroshi ya shafa kala a kai. Nan take zanen zai fito fari fat, don kakin kyandir ba ya shan ruwa, kalar zamewa take ta zauna a gefe.

Ba sai kun sayi farin fenti ba. Shuɗi da ja sun fi fito da zanen, rawaya kam da ƙyar ake gani.

Amma fa a danna kyandirin sosai. In fentin ya yi kauri zai rufe kakin, sai a ƙara ruwa. Takardar littafin rubutu ba ta jurewa, jiƙewa take ta yage, ku samo mai kauri. Kada kuma a shanya a rana, kakin zai narke ya ɓata takardar.