Yadda za ka gane jarin da wata jami'ar Katolika a Amurka ta zuba a wasanni

Yawan kofunan da jami'a ta ci ba ya nuna abin da take kashewa. In kana son sanin gaskiyar lamarin, fara da tambaya ɗaya: tana buga ƙwallon ƙafar Amurka a matakin ƙoli da ake kira FBS? Wannan wasa shi ne mai cin kuɗi, domin ƙungiya ɗaya kan ɗauki 'yan wasa wajen ɗari, ga kociyoyi, ga filin wasa, ga inshora da tafiye-tafiye. Jami'o'in Katolika biyu kacal ke wannan mataki: Notre Dame da Boston College. Notre Dame ma ba ta cikin wata haɗaka (gungun jami'o'in da ke gasa tare) a wannan wasa, tana da kwantiraginta na talabijin da NBC tun 1991. Kada ka ɗauke ta a matsayin ma'aunin sauran, domin ita daban ce.

Galibin jami'o'in Katolika sun karkata ga ƙwallon kwando ne, inda 'yan wasa goma sha biyar da ɗakin wasa ɗaya sun isa a yi suna a faɗin ƙasa. Gonzaga ta bar ƙwallon ƙafar Amurka bayan kakar 1941, Marquette a 1960. A 2013 makarantun Katolika bakwai, wato Georgetown, Villanova, Marquette, DePaul, Providence, St. John's da Seton Hall, suka raba gari da masu ƙwallon ƙafa, suka sake gina haɗakar Big East a kan kwando. Lissafin ya ci, tunda Villanova ta ɗauki kofin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 2016 da 2018.

Daga nan sai alƙaluma. Jami'o'in Katolika masu zaman kansu ne, dokar da ke tilasta wa jami'o'in gwamnati buɗe littattafansu ba ta hau kansu ba. Hanyoyi biyu suka rage. Ta farko ita ce rahoton EADA kan kuɗaɗen wasannin jami'a, wanda dokar 1994 ta wajabta, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ke wallafawa a intanet. Shigar da sunan makarantar, ka ɗauko kashe-kashen kowane wasa, da tallafin karatun 'yan wasa, da kuɗin neman sababbin 'yan wasa, maza da mata daban-daban. Ɗauki na shekara biyar a jere, domin shekara ɗaya kan ruɗi mutum idan an sallami koci aka biya shi diyya.

A nan mutane suka fi yin kuskure. Sau da yawa za ka ga kuɗin shiga ya yi daidai da abin da aka kashe, ko dala ɗaya babu bambanci. Wannan ba ya nufin wasannin na riƙe kansu. Makaranta na iya lissafa abin da ta cike daga aljihunta a matsayin kuɗin shiga. Saboda haka dogara da layin kashewa, sannan ka raba shi da yawan ɗalibai. Dala miliyan 40 a makaranta mai ɗalibai 4,000 nauyi ne da ya ninka na mai 20,000 sau biyar.

Hanya ta biyu ita ce takardar haraji mai lamba 990, inda ake jera ma'aikata mafiya albashi. Kwatanta na kocin kwando da na shugaban jami'a. A wasu makarantun shugaban limami ne da ya yi alkawarin talauci, don haka kwatancin ba zai yi ma'ana ba. Takardar kan fito a makare, kuma abin da kamfani ya biya koci kai tsaye ba lallai ya bayyana ba.

Tun 2025 an amince makarantun rukunin farko, wato mafi girma cikin rukunai uku na NCAA, su biya 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Binciki ko makarantar ta shiga tsarin. Duba kuma ko ta sauya rukuni: St. Thomas ta Minnesota ta haura daga na uku zuwa na farko a 2021, St. Francis ta Brooklyn kuwa ta rufe wasanninta gaba ɗaya a 2023.