Yadda za ka koyar da ɗaliban injiniya netwok har su iya shi da hannunsu

Yawancin masu koyar da kwas ɗin netwok na kwamfuta da hawa bakwai na OSI, wato tsarin da ke raba aikin netwok hawa-hawa, suke buɗe aji, a zana akwatuna bakwai a allo a ce kowa ya kwafe, kafin sati uku ɗalibi ya haddace su tsaf daga sama har ƙasa, amma ka ba shi kwamfuta biyu da kebul ka ce ya sa su yi magana da juna sai ya tsaya yana kallon ka. Gaskiya abin nan yana damuna, don yaron da ya zo karatun injiniya so yake ya taɓa abu ya ga yana aiki. Shi ya sa shawarata ga duk malamin da aka ɗora wa wannan kwas ita ce ya juya tsarin, su fara ganin fakitin bayanai, wato ƙananan ƙullin da ake yanka saƙo a tura, da idonsu tukunna, sunaye su biyo baya.

Ranar farko ka rubuta tambaya ɗaya a allo: idan ka rubuta sunan shafi a burauza ka danna Enter, me ke faruwa kafin shafin ya buɗe? Ka bar su su yi ta hasashe, kar ka gyara wa kowa, ka dai rubuta amsoshin ka ajiye. Wannan tambayar ita za ta riƙe samistan gaba ɗaya, domin DNS mai fassara suna zuwa adireshi yana cikinta, ARP mai nemo adireshin katin na'ura yana ciki, TCP mai tabbatar da isar saƙo da rawuta mai haɗa netwok da netwok da kebul duk suna ciki, kowane sati sai ka dawo kanta ku cike gurbi ɗaya. Ka ga ɗalibi kullum ya san inda darasin yau ya zauna a cikin tafiyar.

A satin nan dai kowa ya saka Wireshark, manhajar kama fakiti a duba cikinsa, a kwamfutarsa, kyauta ne. Su kunna shi, su buɗe shafi ɗaya, su tsayar. Za su ga layuka sun cika sikirin su rikice, toh ba komai, ka ce su rubuta dns a wurin tacewa, nan take za su ga kwamfutarsu tana tambayar adireshin IP na sunan da suka rubuta da kuma amsar da aka dawo mata da ita ta lambar ƙofa (port) 53. Daga nan su tace tcp su nemo gaisuwar nan ta matakai uku da kwamfutoci biyu ke yi kafin su fara magana, SYN, sai SYN-ACK, sai ACK. Don Allah malam kar ka yi saurin bayani a nan, ka bar su su danna fakiti ɗaya su buɗe cikinsa, za su ga Ethernet a waje, IP a cikinsa, TCP a cikin IP, sannan ainihin saƙon a can ciki. Yanzu ne lokacin da za ka kawo maganar hawa-hawa, kamar wasiƙa ce da aka sa a ambulan, aka sake sa ambulan ɗin cikin wani, kowane da nasa adireshin da wanda zai karanta shi. Idan ka zana OSI bayan wannan za ka ga suna gyaɗa kai da gaske, don sun riga sun ga abin. Kuma ka gaya musu gaskiya, OSI tsari ne na fahimta da hukumar ISO ta fitar a 1984, amma abin da intanet ke gudana a kai shi ne TCP/IP, wanda Vint Cerf da Bob Kahn suka aza harsashinsa a 1974, ARPANET kuma, netwok ɗin da intanet ta samo asali daga gare shi, ta koma kansa ranar 1 ga Janairu 1983.

Abu ɗaya da dole ka ja musu kunne a kai tun ranar: Wireshark a kan kwamfutarka da netwok ɗin lab kawai ake amfani da shi, leƙen bayanan mutane ba tare da izini ba cin amana ne kuma laifi ne. In kana so su ga bambancin HTTP da HTTPS, ka tayar da ƙaramar saba, wato mai ba da shafi idan an nema, a lab da umarnin python -m http.server 8000, su shiga su karanta komai a fili cikin fakitin, sannan su buɗe shafi mai HTTPS ta ƙofa 443 su ga ba abin da ke karantuwa. Wannan kaɗai ya fi lakca guda a kan tsaro shiga kai.

Sai kayan aiki. In da hali ka samo suwich, na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok ɗaya, ko da ɗaya ne, da rawuta, da kebul da kawunan RJ45 da abin matse su, kowane ɗalibi ya haɗa kebul ɗaya da hannunsa ya jera wayoyi takwas ɗin bisa tsarin T568B ya gwada, a nan ne kuma za ka faɗa musu cewa irin wannan kebul ɗin iyakarsa mita 100. In kayan ba su isa ba akwai manhajojin kwaikwayon netwok, Cisco Packet Tracer da GNS3. Packet Tracer ya fi sauƙi ga mai farawa, yana da yanayin da za ka bi fakiti taki-taki yana tafiya daga na'ura zuwa na'ura. Amma fa kar manhajar kwaikwayo ta maye gurbin komai, a cikinta kebul ba ya saki, kai ba ya lalacewa, alhali a wurin aiki irin waɗannan ne ke fara kawo matsala.

Inda ɗalibai suka fi shan wahala shi ne rabon adireshi, wato sabnet, kuma nan nake so ka ɓata lokaci sosai ko da zai ci maka sati biyu. Matsalar ita ce ana koya musu shi da gajerun dabaru da teburin haddacewa, alhali waɗannan yaran sun yi kwas ɗin dijital, sun san lissafin 0 da 1, sun san AND. Toh ka koma da su can. Adireshin IPv4 bit 32 ne, wasu na farko sunan netwok ne, sauran kuma lambar na'ura, mas ɗin (subnet mask) shi ke nuna inda aka ja layin, shikenan. Ka ba su 192.168.10.0/24, wato bit 24 na farko na netwok ne, ka ce su raba shi gida huɗu. Za su ari bit biyu ya zama /26, kowane gida adireshi 64, a cire na farko da na ƙarshe saura 62 da za a iya ba na'urori, gidajen su fara daga 0, 64, 128 da 192. Kar ka tsaya a takarda. Ka sa su ba kwamfuta ɗaya 192.168.10.50 ɗayar kuma 192.168.10.70, duka da /26, a kan suwich ɗaya, su yi ping, wato ɗaya ta tura wa ɗayar saƙon gwaji ta jira amsa. Ba zai tafi ba, ga kebul lafiya ga fitila tana ci amma shiru, sai ka ce su yi AND ɗin da hannu su gano dalili. Ranar da ɗalibi ya gano da kansa cewa kwamfutocin nan gida daban-daban suke kuma sai da rawuta a tsakani, ya fahimci aikin rawuta da ƙofar fita (gateway) fiye da yadda duk wani zane zai nuna masa. Daga nan maganar NAT, dabarar da na'urori da yawa ke fita da adireshi ɗaya, da IPv6, sabon tsarin adireshi, za ta zo da sauƙi, su lissafa da kansu su ga bit 32 adireshi wajen biliyan 4.3 kawai yake bayarwa, IANA, hukumar rabon adireshi ta duniya, ta raba ragowar da ke hannunta a Fabrairun 2011, shi kuwa IPv6 bit 128 ne.

Tunda injiniyoyi ne ka ba su lissafin jinkiri, suna son sa kuma yana gyara wani kuskure da kusan kowa ke da shi, na ɗaukar cewa faɗin layi, wato yawan bit da yake ɗauka a sakan, shi ne saurin isa. Fakiti mai bait 1500 bit 12,000 ke nan, a layin megabit 100 zai ɗauki milisakan 0.12 kafin ya gama fita. Amma haske a cikin faiba wajen kilomita 200,000 yake yi a sakan, don haka tafiyar kilomita 1000 milisakan 5 ce ko da layin ya kai gigabit nawa. Ka ƙara musu da tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786, hawa da sauka kaɗai wajen milisakan 240. Sai su yi ping zuwa wurare na kusa da na nesa su kwatanta da lissafinsu, su kuma yi traceroute, ko tracert a Windows, ka bayyana musu dabarar: ana tura fakiti da TTL 1, wato lambar da kowace rawuta ke rage wa ɗaya har ta ƙare, rawuta ta farko ta jefar da shi ta aiko da sanarwa, sai a tura da 2, sai 3, a haka kowace rawuta a hanya take bayyana kanta.

Tarihi kar ya yi yawa, labari ɗaya ya isa. Ranar 29 ga Oktoba 1969 an yi ƙoƙarin tura kalmar LOGIN daga jami'ar UCLA zuwa cibiyar bincike ta Stanford a Amurka, harafi biyu kawai suka isa tsarin ya tsaya. Ɗalibai suna jin daɗinsa, kuma yana buɗe maka hanyar tambayar su: in saƙo ya ɓace a hanya wa zai sani, wa zai sake turawa? Ka ga ka shiga TCP, mai sake turawa, da UDP, wanda ba ya sake turawa, ke nan. Ka sa su rubuta ƙaramar manhajar hira da Python, ɗaya saba ɗaya mai kira, su yi ta da TCP sannan su sake da UDP, su zare kebul ana tsakiyar turawa su kalli abin da kowanne zai yi a Wireshark.

Amma abin da na fi ba wa muhimmanci a duk kwas ɗin shi ne lab ɗin ɓarna. Kafin su shigo ka lalata netwok ɗin da gangan. Wannan tebur ka sa musu ƙofar fita da ba daidai ba, wancan ka ba kwamfuta biyu adireshi iri ɗaya, wani ka canja mas, wani ka kashe DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, har kwamfutar ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, wani kuma ka ɓata DNS ta yadda ping zuwa 8.8.8.8 zai tafi amma suna ba zai buɗe ba. Sharaɗi ɗaya ne, ba wanda zai taɓa komai sai ya rubuta abin da yake zargi da gwajin da zai tabbatar masa. Ka koya musu su taso daga ƙasa: fitila tana ci? ina da adireshi? ina kai wa ga rawuta? ina wuce ta? suna yana fassaruwa? In ba haka ba za ka ga suna ta canje-canje barkatai har abu ya gyaru ba su san me ya gyara shi ba, kuma wannan ɗabi'ar ce za ta bi su har wurin aiki. Idan kana zagayawa aka kira ka, malam ka riƙe amsar, ka tambaye su me suka gwada, me ya nuna musu. Ka kuma riƙa juya aiki a cikin rukuni, don a ko da yaushe akwai mai saurin hannu ɗaya da zai kama kibod ya bar sauran suna kallo, kuma sau da yawa masu shirun nan suna da tambaya mai kyau, kunya ce ta hana su.

Jarrabawa ma ta bi wannan layin, in ka koyar da hannu sannan ka tambayi jera hawa bakwai kawai, sati na gaba za su koma hadda. Ka ware maki mai tsoka ga firaktikal, ka ba kowa fayil ɗin fakitin da aka kama ka ce ya faɗi wa ya kira wa, ta wace ƙofa, a ina aka sake tura saƙo, ko ka ba shi zanen netwok mai sassa uku da adireshi guda /24 ya raba musu gwargwadon yawan na'urorinsu. A lab ɗin ɓarna kuma wanda ya bi matakai daidai ya rubuta dalilansa amma lokaci ya ƙare masa, ka ba shi maki sama da wanda ya gyara da sa'a ya kasa bayanin abin da ya taɓa.