Yadda za ka sa idonka ya ga alwatikar da babu ita

Jama'a wannan abin ku gwada shi a fada nan Tawa ana jiran shayi na biyu, ko dala ba zai ci maku ba. Farar takarda guda daga kaye, kwali da ka shafe da gawayi ya yi baƙi ƙirin, almakashi, sai tsabar dala ashirin.

Ɗora kuɗin kan kwalin ka zagaya da bik, ka yanko da'ira uku. Kowace ka cire mata yanki daga tsakiya zuwa baki irin yankan mai kankana, kashi ɗaya cikin shida ke nan, digiri 60. Sai ka jera su kan farar takarda kamar duwatsun murhu, bakunan suna kallon juna, kuma nan ne aikin yake fa, dole gefen bakin wannan ya saitu da gefen bakin waccan, in ka yi shi a karkace to ka ɓata kwalinka kawai.

Ja da baya kaɗan. Za ka ga farar alwatika zaune bisa da'irorin da gefunanta tsaf, har kamar ta ɗan fi takardar haske, alhali ba wanda ya ja layi ko ɗaya. Yanzu juya da'ira biyu su ba juna baya. Ta ɓace!

Wani masani ɗan Italiya, Gaetano Kanizsa, shi ya fito da zanen a 1955. A 1984 kuma wani masanin ƙwaƙwalwa, von der Heydt, da abokan aikinsa a birnin Zurik na ƙasar Suwis suka gwada kan birai, suka tarar a sashen gani na ƙwaƙwalwa can wajen ƙeya, wurin da ake kira V2, akwai ƙwayoyin da ke amsa wa layin ƙaryar nan kamar yadda suke yi wa na gaske. Ni abin da ya fi burge ni shi ne ko ka san ƙarya ce ba za ka daina ganinta ba, ƙwaƙwalwa ta saba abu na tare abu, ka hango kan akuya da wutsiyarta bayan iccen bedi ai ba ka cewa an raba ta biyu, haka nan ma take ɗauka wani farin abu ne ya rufe da'irorin.

In ka ƙara nisa tsakaninsu layin na raunana har ya gushe. Da'ira huɗu masu bakin digiri 90 kuma murabba'i za su ba ka.