Yadda eleron ke aiki, ga masu koyon tuƙin jirgin sama

Toh 'yan uwa masu shirin shiga makarantar tuƙin jirgi a Dammam ko Jidda, da waɗanda suka fara leƙa filin jirgin Thumama kusa da Riyad, ga batun eleron. Da yawa sun ɗauka shi ke juya jirgi kamar sitiyarin mota, alhali aikinsa kawai ya karkatar da jirgi gefe, karkatar nan ce ke kawo juyawa.

Da farko ka san shi tun a ƙasa. Shi ne ɗan faifan nan da ke bayan fiffike can wajen ƙarshe, kowane fiffike da nasa, kar ka haɗa shi da filaf da ke kusa da jikin jirgi. Filaf biyu tare suke sauka, shi kuwa eleron in na dama ya tashi na hagu sauka zai yi. Ka duba ƙusoshin da ke riƙe shi, in ka shiga ciki ka kama sitiyari da babban yatsa a miƙe, ka murɗa dama, inda yatsan ya nuna nan eleron zai kasance a sama. Ka leƙa da idonka ya akhi, kar ka ce ai jiya lafiya lau yake.

Sai a sama. Ka murɗa dama, eleron na hagu ya sauka, fiffiken hagu ya ƙara samun ɗagawa ya tashi, na dama ya rage ya sauka, jirgi ya kwanta dama.

Anan mushkilar take. Fiffiken da ya ƙara ɗagawa shi ne kuma iska ke ƙara ja baya, shi ya sa kana kwantar da jirgi dama sai ka ga hancinsa ya fara leƙa hagu, kuma abin ya fi muni in gudu ya yi ƙasa, misali kana hawa bayan tashi. Masu ƙera jirgi sun rage wannan, a ƙaramin jirgin koyo Cessna 172 eleron na tashi kusan digiri 20 amma sauka kusan 15 yake yi, to amma ragewa suka yi ba kawarwa ba, sauran aikin na ƙafarka ne. Hannu dama, ƙafar dama a kan feda mai motsa faifan wutsiya da ke juya hancin jirgi, lokaci guda ba wai ɗaya ya jira ɗaya ba. Ɗan ƙwallon nan da ke cikin kwalba a gabanka in ya gudu dama taka dama, in hagu taka hagu. Ni dai a ganina gara ka saba kallon hancin jirgi da layin sararin sama, ƙwallon ka riƙa satar kallonsa kawai.

Da ka kai karkatar da kake so, a ce digiri 20 ko 30, maida sitiyari tsakiya, kalas. In ka ci gaba da riƙewa jirgi ci gaba zai yi da kwanciya. Sannan ka ɗan ja baya kaɗan don hanci zai so faɗuwa. A digiri 60 nauyin da kake ji ya ninka biyu, gudun da jirgi zai yi sitol, wato iska ta daina bin fiffike yadda ya kamata har ya kasa ɗaukar jirgi, ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. Fita daga kwana kuwa hannu da ƙafa tare zuwa ɗaya gefen, ka fara tun kafin ka iso inda ka nufa.

Ranar da iskar shamal, wato iskar arewa maso yamma, ke kaɗawa ta gefe, ko kana tafiya a ƙasa iska na zuwa ta gaba gefe, murɗa sitiyari wajen iskar. Wajen sauka ma haka, fiffiken gefen iska ƙasa kaɗan, ƙafa ta miƙar da hanci kan titi, kuma bayan taya ta taɓa ƙasa kar ka saki, ƙara murɗawa za ka yi yayin da gudu ke raguwa.

In kuma kuna gwajin sitol da malam fiffike ɗaya ya faɗi, hannu zai so ɗago shi da eleron, wallahi kar ka biye masa, yana iya ƙara kayar da fiffiken ya kai ku ga wulwulawa. Tura sitiyari gaba tukuna, ƙafa ta tsare hanci, sai iska ta dawo kan fiffike sannan ka daidaita.