Yadda za ka gane wace ziyara ce a tsohon hoton Sarauniya

Kwanan nan wani ya turo min hoto a WhatsApp, wai ga Sarauniya Elizabeth tana miƙa mana 'yanci a 1960, har an sa mata jar kibiya a kai. Na yi dariya, domin ranar 1 ga Oktoba 1960 Sarauniya ba ta ma ƙasar, 'yar ƙanin babanta Gimbiya Alexandra ta wakilta. Irin wannan kwamacalar ta yi yawa, to ga yadda ni nake tantancewa.

Da farko ka riƙe cewa sau biyu kacal ta taɓa zuwa Najeriya. Na ɗaya daga 28 ga Janairu zuwa 16 ga Fabrairu 1956, muna ƙarƙashin Turawa, ita da mijinta Philip suka zaga Legas da Kaduna da Jos da Inugu da Ibadan da Kano, kuma a Kaduna aka yi mata babban hawan daba. Na biyu Disamba 2003 a Abuja, taron Kwamanwel, zamanin Obasanjo. A na farko shekararta 29, a na biyu 77, kaga wannan ko yaro ya raba maka.

Sai ka bar kallon Baturiyar, ka dubi na gefenta, nan ne asirin yake. In 1956 ce, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ne, Sarkin Musulmi kuma Abubakar na uku, Sardauna yana Firimiya, Gwamnan Arewa Sharwood-Smith, wanda mutanenmu suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe. Duk wanda ya ce maka ga Ado Bayero yana sarki a hoton, ka ce masa Malam sai 1963 aka naɗa shi. Haka Tafawa Balewa, a lokacin ministan sufuri ne, firaminista sai 1957, amma kullum sai a rubuta masa firaminista.

Tuta ma tana tona asiri, in ka hango kore-fari-kore tana kaɗawa to ba 1956 ba ce.

In kuma namiji ne ɗan siriri da hular hana sallah, hoton ya dushe sosai, mai yiwuwa Yarima Edward ne da ya zo Kano a 1925 zamanin Sarki Usman, shi ne daga baya ya ajiye sarauta a 1936. Mai kala da Gimbiya Diana da mijinta na lokacin, Yarima Charles, a ciki kuwa 1990 ce, lokacin Babangida, har Maiduguri suka je.

Wani abin haushin, rabin hotunan ma ba na nan ba ne. Wanda Sarauniya take rawa da baƙar fata cikin fara'a, Nkrumah ne a Ghana 1961. Akwai na doguwar tafiyar da ta yi 1953 zuwa 1954 har Ostireliya da Niyu Zilan, su ma ana jingina mana.

In har yanzu kana kokwanto, jefa hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, ko ka nemi tsoffin fina-finan labarai na kamfanin British Pathé a YouTube ka kwatanta rawuna da rumfa. Wanda ke Kaduna kuwa ya leƙa Arewa House ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, ya tambayi tsoffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo na Fabrairun 1956.